Zancen Zango: Kafin A Kwance Bakin Zane A Biya Kuɗin "Kilasis"

Da zarar 'yan makarantun sakandare sun dawo gida hutu, sai ka ga takardu sun cika jikin turakun lantarki da bangon shaguna, tun daga Nima da Mamobi da Madina a Ankara, har Aboabo da Asawase a Kumasi, har Tamale. Abin da aka rubuta a jiki kusan ɗaya ne: ana koyar da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a kawo yaro, A1 tabbas, ga lambar waya. Wannan shi ne abin da yaranmu ke kira "kilasis", wato ƙarin darasi na kuɗi a bayan na makaranta. Uwa mai sayar da koko da ƙosai ko tuwon zafi za ta kwance bakin zane ta biya, uba direba ko mahauci zai rage kuɗin cefane ya biya, kuma galibinsu ba sa tambayar komai, domin a ganinsu wanda bai yi boko ba ba shi da bakin magana a kan lissafin boko. To a wannan wata ina so in nuna cewa yana da baki, kuma rashin buɗe bakin nan shi ke sa kuɗi masu yawa suna zurarewa a banza.

Bari mu fara da dalilin da ya sa kasuwar ta ci. Kafin gyaran ilmi na 1987, zamanin mulkin Rawlings, yaron da ya bi dukan matakai yakan yi har shekara 17 kafin ya isa ƙofar jami'a: shida a firamare, huɗu a midil, biyar a sakandare, biyu a aji shida. Gyaran ya mayar da su 12. Rukunin farko na sabon tsarin sun zauna jarrabawar gama sakandare a 1993, kuma waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta irin faɗuwar da aka yi ba. Tun daga nan makarantun maimaici suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. Sai kuma a 2017 gwamnatin Akufo-Addo ta mayar da babbar sakandare kyauta, yara suka yi tururuwa, har ajujuwa da ɗakunan kwana suka kasa, aka fito da tsarin karɓa-karɓa a 2018, rukuni ɗaya na makaranta ɗaya na gida. Yaro ya zauna a gida makonni da yawa ba ya komai, uwa ta ga yana neman lalacewa a bakin titi, kuɗin makarantar da aka ɗauke mata sai ta juya su zuwa ga mai kilasis.

Babban abin da ke tura iyaye kuwa shi ne alƙalamin hukumar WAEC. Sakamakon jarrabawar WASSCE daga A1 yake farawa ya ƙare a F9. Jami'o'i ba sa karɓar yaro ya yi digiri sai ya sami aƙalla C6 a fannoni shida, uku na dole uku na zaɓi, kuma Turanci da lissafi suna cikin na dolen. Makarantun koyon aikin jinya ma haka suke nema. Yaro zai iya cin komai da kyau, lissafi ya ba shi D7, wanda a takarda ba faɗuwa ba ce, amma ƙofa ta rufe, sai ya koma ya biya kuɗin "Nov-Dec", jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara. Wasu sau biyu, wasu sau uku. A 2024 kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda suka zauna lissafin dole a Gana sun sami C6 ko fiye, amma a 2025 ba su kai rabi ba. Saboda haka uban da ya tsorata yana da hujja, ban ga laifinsa ba. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne abin da ake saya da kuɗin.

Mai karatu, je ka leƙa yawancin wuraren nan. Za ka tarar da aji na haya a wata firamare, yara hamsin ko sittin sun matsu a kan benci, malami na gaban allo ya juya masu baya yana warware tsofaffin tambayoyin jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna kwafa. Ya gama, ya ce an gane? Su amsa baki ɗaya cewa an gane. Ya goge ya shiga ta gaba. Wannan ai shi ne ainihin abin da ya faru a makarantar da yaron ya fito, inda bai gane ba. An sake ba shi maganin da bai yi masa aiki ba, sai dai wannan karon da kuɗi. Yaron da dama yana da tushe zai ƙaru a irin wannan wuri, domin shi bita yake bukata. Wanda ba shi da tushe kuwa littafinsa zai cika da rubutu mai kyau, kansa na nan yadda yake.

Shi lissafi gini ne, kowane jeri a kan na ƙasa yake zaune. Yaron da ke faɗuwa a aji biyu na babbar sakandare, sau da yawa ciwonsa ba na aji biyu ba ne. Ramin yana can baya, a firamare ko ƙaramar sakandare, inda aka wuce wani abu ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ranar da aka aike shi kasuwa, ko shekarar da ajinsu bai sami malami ba. Ya tsallake BECE da ƙyar, ramin ya biyo shi. Kuma ramukan ba su da yawa, kusan kullum su ne dai: lissafin gutsattsari irin su rabi da sulusi da rubu'i, lambobin da ke ƙasa da sifiri, kashi cikin ɗari, da juya ƙa'ida a fitar da harafin da ake nema.

Ga gwajin da kowane uba zai iya yi a zaure, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ka ce wa yaro ya ɗauki takarda ya haɗa rabi da sulusi. In ya ce maka biyu bisa biyar, to ka gano ramin, domin ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Kai da ba ka yi boko ba ka san biyu cikin biyar bai kai rabi ba, to ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Amsar biyar bisa shida ce. Sannan ka ce masa: na sari buhu a kan sidi 400, na sayar 500, ribata kashi nawa ce cikin ɗari? Ribar sidi 100 ce a kan uwar kuɗi 400, wato kashi 25. In ya ce 20, ya auna ribar da kuɗin sayarwa, kuskuren da ko yarinya mai talla ba za ta yi ba in da kuɗi ne a hannunta. Na uku, ka ce ana bin ka sidi 3, ka ƙara cin bashin 5, ya rubuta maka da alamar lissafi. Takwas ne ƙasa da sifiri. Yara da yawa masu karatun kimiyya, in aka rubuta masu wannan da alamar ragewa a gaban 3 da gaban 5, sai su ce biyu.

Wannan magana ta fi ƙarfin lissafi kaɗai, kuma a nan ne iyayen 'yan ajin kimiyya suka fi asara. Yaro ya kawo sakamako, fiziks ja, kemistiri ja, lissafin zaɓi ja. Uba ya ɗauki malami uku, ko ya biya kuɗin fanni uku. Alhali fiziks kusan rabinsa juya ƙa'ida ne da canza ma'auni, daga giram zuwa kilo, daga santimita zuwa mita. Lissafin kemistiri kuma, na yawan sinadarin da zai haɗu da wani, kaso ne kawai irin na mai dama kunu: in gwangwani biyu na gero na cin ruwa kaza, biyar fa? Yaron da ba ya iya wannan zai faɗi fanni uku da ciwo ɗaya. Da an ba shi mako shida ana cike ramin nan guda, da duk ukun sun motsa. Amma wane mai kilasis ne zai gaya maka ka biya fanni ɗaya alhali kana shirin biyan uku?

Abin haushin shi ne lissafin gutsattsarin nan da ke kayar da yaranmu ba baƙo ba ne a zango. Duk malamin da ya iya rabon gado, in aka ce mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya, ya san matar sumuni ne nata, uwa sudusi, sai ya nemi adadin da takwas da shida duk za su raba ba saura, ya sami 24, ya ba mata 3, uwa 4, 'ya'ya su raba 17. Wannan shi ne daidai abin da malamin boko ke nema in ya ce a haɗa ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa shida. Littafin Alkhawarizmi ma, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabara, babban kaso nasa a kan matsalolin wasiyya da gado yake. Yaro na zaune kusa da wannan ilmi a makarantar allo da ta Islamiyya, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abu ɗaya ne.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafarmu fiye da maƙwabtanmu. Ɗan zango da Hausa yake tashi a gida, ya yi Tuwi ko Ga ko Dagbani a titi, ya yi Larabci a makaranta, sannan a yi masa jarrabawa da Turanci. Wannan baiwa ce, amma tana da haraji. WAEC takan fitar da rahoton manyan masu duba takardu bayan kowace jarrabawa, kuma shekara da shekaru suna nanata cewa ɗalibai na kasa mayar da tambayar da aka yi da zance zuwa lissafi. Yaro ya iya aikin sarai in aka ba shi lambobi tsirara, amma a nannaɗe su cikin jimla uku ta Turanci, da 'yan kalmomin da ke nufin "aƙalla" ko "bai wuce ba" ko "ya ɗara da kaza", sai ya tsaya cak. Irin wannan yaro ba lissafi ne ya kayar da shi ba. Malamin da zai amfane shi shi ne wanda zai ce masa karanta tambayar, rufe littafin, gaya mani da Hausa me ake nema, sannan su koma Turanci su rubuta. Malamin da ke gaban yara sittin ba zai yi wannan ba ko yana so.

To yaya za a gane malamin kirki? Ni dai alamar farko da nake dubawa ita ce abin da ya yi a ranar farko. In ya zo ya buɗe babi ya fara koyarwa, bai san yaron ba, kamar mai magani ne da ya ba ka ƙulli tun ba ka faɗi inda ke ciwo ba. Na kirki zai ba yaro 'yan tambayoyi, wasu ma na firamare, ya zauna ya kalli yadda hannunsa ke tafiya, ya karɓi takardun jarrabawarsa na makaranta ya duba inda jan biro ya taru, sannan ya zo ya gaya maka da harshen da kake ji: ɗanka ga inda ya tsaya, ga inda za mu fara, ga lokacin da nake zaton zai ɗauka. Yaron zai ji kunya a mayar da shi baya, musamman in ƙannensa na kallo. A rarrashe shi, a kuma kori ƙannen.

Bayan mako biyu ka ce a kawo maka littafin aikin. Ba sai ka iya karantawa ba. Duba ka gani, akwai gogewa da karce da gyara? Akwai alamar malami ya bi layi layi? Littafin da ya fito fes, ba kuskure ko ɗaya, kwafe ne daga allo. Wannan yana da muhimmanci saboda yadda ake ba da maki. Jarrabawar lissafin dole, yadda aka saba shirya ta har zuwa 2025, takarda biyu ce: ta farko tambaya 50 ta zaɓi amsa, ta biyu kuma tambaya 13 a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma ta biyun ta ninka ta farkon a maki. A takarda ta biyu ana ba da maki ga hanyar da aka bi, mataki mataki. Yaro zai iya kuskure amsar ƙarshe ya kwashi yawancin makin, wani kuma ya danna kalkuleta ya rubuta amsa daidai ita kaɗai ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda bai saba aiki da hannunsa ba a gaban mai gyara masa, ranar jarrabawa ba zai fara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kuma tambayi malamin da wace manhaja yake koyarwa. 'Yan aji ɗaya da suka shiga babbar sakandare a ƙarshen 2024 da sabuwar manhaja suka fara, an sauya tsarin wasu fannonin da sunayensu. Tsofaffin littattafai irin su Aki-Ola da yayye suka bari suna da amfani wajen samun tambayoyin gwaji, kada a zubar, amma malamin da bai taɓa buɗe sabuwar manhajar ba bai kamata ya karɓi kuɗin yaron da za a jarraba a kanta ba.

Game da kimiyya akwai ƙarin magana. Fiziks da kemistiri da bayoloji kowanne yana da jarrabawar gwaji da hannu, kuma ba a koyon ta a kan allo. Wani abin ana iya yi a tsakar gida. A ɗaure dutse da zare mai tsawon mita ɗaya a rataye, a ɗan ja shi gefe a saki, a ƙirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon waya, za a sami kusan daƙiƙa 40. A rage zaren a sake, a rubuta, a zana a takardar giraf. Yaron da ya yi wannan sau uku ya fi wanda ya haddace shafi goma. Amma auna ruwan asid ɗigo ɗigo har launi ya juya, wannan sai da kayan ɗakin gwaje-gwaje, kuma mai kilasis da ya ce zai koyar da shi da alli kawai yana sayar da abin da ba shi da shi. Nan hakkin makarantar yaron ne, kuma taron iyaye da malamai shi ne wurin tambaya: sau nawa 'yan aji uku suka shiga ɗakin gwaji a zangon nan? Mutanenmu ba su cika zuwa wannan taro ba, in sun je ma a baya suke zama.

Akwai iri biyu da ya kamata a guje masu ɗungurungum. Na farko mai alkawarin "apo", wato tambayoyin jarrabawa da aka ce sun fita. Galibi ƙarya ce, in kuma ta zama gaskiya ta fi muni, domin WAEC na riƙe sakamako tana soke shi. A 2015 takardu biyar na BECE aka soke saboda sun fita, yaran ƙasa baki ɗaya, mai laifi da marar laifi, suka sake zama. Na biyu shi ne malamin makaranta da ke rage abin da ya kamata ya koyar a aji, ya ce sauran sai a kilasis ɗinsa. Yawancin malamai ba haka suke ba, da yawansu albashi ne bai kai wata ba suke neman na cefane da guminsu, kuma wannan halal ne. Amma wanda ke sayar wa yaro abin da gwamnati ta riga ta biya shi ya bayar, a kai maganarsa gun shugaban makaranta, kuma iyaye su je su da yawa don kada a ɗora wa yaro ɗaya karan tsana.

To ina marar ƙarfi zai sami malamin da zai zauna da ɗansa shi kaɗai? Ba sai shi kaɗai ba. Yara biyar ko shida 'yan aji ɗaya, malami na iya duba littafin kowannensu a cikin awa biyu. A ce malami na neman sidi 600 a wata kan yaro ɗaya, misali nake bayarwa, kowace unguwa da farashinta. Gida shida su haɗa 150 kowanne, ya tashi da 900, shi ya ƙaru, ku kun rage. Kuma malaman suna cikinmu. Kowane zango yanzu yana da 'ya'yansa a Legon da KNUST da Cape Coast da UDS, da waɗanda suka gama suna hidimar ƙasa ko suna jiran aiki, suna hutu lokacin da ƙannensu ke hutu. Sun zauna wannan jarrabawa shekara biyu ko uku da suka wuce, suna jin Hausa, sun san gidan kowa. Sai dai ba duk wanda ya ci A1 ne ya iya koyarwa ba, wani ma saurin ganewarsa ke sa ya kasa haƙuri da mai nawa, don haka shi ma a yi masa gwajin ranar farko da na littafi. Kuma a biya shi a kan lokaci. Ɗabi'ar nan ta cewa ai ɗanmu ne, Allah Ya yi albarka, ita ke kashe irin wannan shiri kafin wata biyu.

Wurin zama ba wuya. Ajujuwan makarantun Islamiyya da yawa a rufe suke a wasu sa'o'i na yini, da allonsu da bencinsu, kuma in shugabannin unguwa suka nema da ladabi ba na jin za a hana. A zauna da malamin makarantar a tsara lokaci tun farko, don kada a sa yaro ya zaɓa tsakanin hadda da lissafi. Ga 'ya'ya mata, darasi ya kasance a fili inda ake gani, da rana, su biyu ko fiye, kuma wannan kariya ce ga malamin kansa. Sannan iyaye mata su yi mani haƙuri in faɗi wannan: yarinyar da ta tashi da asuba ta hura wuta, ta kai koko bakin titi, ta dawo ta yi wanke-wanke, ta ɗebo ruwa, in ta je kilasis barci za ta yi. Awa biyu na darasi na bukatar wata awa ɗaya ko biyu a gida da za ta zauna ita kaɗai ta yi aikin da aka ba ta. In ba za a ɗauke mata tallan yamma ba, kuɗin darasin ma gara a bar shi a bakin zane.

Lokacin farawa kuma shi ne hutun farko na aji ɗaya, ko ma watannin da yaro ke zaune bayan BECE yana jiran a tura shi makaranta. Yawancinmu sai aji uku, saura wata huɗu jarrabawa, muke rugawa neman malami, lokacin da farashi ya hau kuma ba abin da ya rage sai haddar tsofaffin tambayoyi. Wanda ɗansa ke aji uku yanzu, kada ya fasa, amma ya ce wa malamin ya ware makonni uku na farko ga rabi da sulusi da bashi da kashi cikin ɗari kafin a taɓa takardar bara. Wanda nasa ke aji ɗaya kuwa, ya kira shi zaure yau bayan isha'i, da takarda da biro, ya fara da buhun nan na sidi 400.